Tsakanin Zaure da Sakatariya: Rayuwar Zaɓaɓɓen Shugaba a Ƙaramar Hukumar Baure

 

 Godiya ta musamman ta tabbata ga waɗanda suka shirya wannan zama a garin Baure, suka kuma zaɓi batun da mutane suka fi tattaunawa a majalisun dare da wuraren mai shayi, amma ba kasafai ake kawo shi gaban taro irin wannan ba.

Batun shi ne rayuwar zaɓaɓɓen shugaba a matakin ƙaramar hukuma, wato ciyaman da mataimakinsa da kansilan mazaɓa, ta fuskar siyasarsa da kuma ta fuskar gidansa. Laccar za ta dubi kujerar ce da abin da take yi wa duk wanda ya hau ta, ko daga wace jam'iyya ya fito. Abin da take son tabbatarwa guda ɗaya ne: wannan shugaba yana da iyayen gida biyu waɗanda ba su san buƙatun juna ba, domin jama'ar mazaɓarsa su ne suka mallaki zaurensa da lokacinsa da aljihunsa, alhali kuwa makomar kujerarsa da kuɗin da zai yi aiki da su suna hannun waɗanda ke zaune a Katsina. Za a bi maganar a kan gaɓoɓi shida.

1. Asalin kujerar

Baure ba baƙuwa ba ce a harkar mulki. Lokacin da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya iso ƙasar Daura a farkon ƙarni na 19, Malam Isiyaku ya karɓi birnin, sarkin Daura na lokacin, Sarkin Gwari Abdu, ya fita, sai gidan sarautar Haɓe ya kafa mazauni a Zango da kuma Baure, har aka wayi gari akwai Daura uku a lokaci guda, biyu daga cikinsu suna jin nauyin Damagaram a wuyansu. Masani M. G. Smith ya bi diddigin wannan tarihi a littafinsa na 1978 a kan al'amuran Daura. A farkon ƙarni na 20 Turawan Ingila suka mayar da sarautar ga Malam Musa na gidan Zango, suka haɗa ƙasar wuri ɗaya, suka kuma shimfiɗa tsarin En'e, wato hukumar gargajiya wadda sarki ke shugabanta, wadda ke da baitulmali da alƙalai da 'yan doka da gidan yari nata na kanta. A ƙarƙashin wannan tsari, wanda Sarki Abdurrahman ya jagoranta daga 1911 zuwa 1966, hakimi da dagaci da mai unguwa su ne fuskar hukuma a idon talaka, su ke tara haraji da jangali, su ke kai kuka sama, su ke sauko da umarni ƙasa.

Kujerar da ake magana a kanta yau ta samo asali ne daga gyaran da gwamnatin soja ta yi wa ƙananan hukumomi a 1976, lokacin da Janar Obasanjo ke shugabanci kuma Shehu Musa 'Yar'aduwa ke mataimaka masa. Gyaran ya ɗinke tsarin ƙasar baki ɗaya, ya samar da ƙananan hukumomi 301, ya ƙayyade cewa kowace ta ƙunshi mutane tsakanin 150,000 da 800,000, ya kuma mayar da sarakuna majalisar masarauta inda aikinsu ya koma ba da shawara. A ƙarshen wannan shekara aka yi zaɓen kansiloli ba tare da jam'iyyu ba. Daga nan adadin ya yi ta hawa har ya tsaya a 774 a zamanin Janar Abacha a 1996, 34 daga ciki a Jihar Katsina wadda aka ƙirƙiro ranar 23 ga Satumba, 1987, biyar daga cikin 34 ɗin kuma a ƙasar Daura: Daura, Mai'aduwa, Sandamu, Zango da Baure. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Baure mutane kusan dubu ɗari biyu.

Abin lura a wannan tarihi shi ne, an ɗauke iko daga hannun hakimi an ba zaɓaɓɓe, amma ba a ɗauke wa jama'a fahimtarsu ta abin da shugaba yake nufi ba. A wurin talakan ƙasar Hausa shugaba shi ne mai zaure a buɗe, mai ciyar da baƙo, mai raba gardama, wanda ba a dawowa daga ƙofarsa hannu rabbana. Hakimi yana da gandu da gadon gida da shekaru masu yawa a kan karaga da zai ɗauki wannan nauyi da su. Ciyaman kuwa ya gaji nauyin ne kawai, da wa'adin 'yan shekaru da albashin wata.

2. Hanyar hawa

Kundin tsarin mulki na 1999, a sashe na 7, ya ba da tabbacin cewa ƙananan hukumomi za su kasance a hannun majalisun da aka zaɓa ta hanyar dimokuraɗiyya, sai dai ya bar wa kowace jiha ikon kafa dokar da za ta tsara su, ya kuma damƙa gudanar da zaɓensu ga hukumar zaɓe ta jiha, wadda gwamna ke naɗa shugabanninta da amincewar majalisar dokoki. Hukumar zaɓe ta ƙasa ba ta gudanar da irin wannan zaɓe sai a yankin Abuja, ko da yake ita ce ta gudanar da na watan Disamba na 1998, wanda aka yi amfani da sakamakonsa wajen tantance jam'iyyun da suka shiga jamhuriya ta huɗu.

Me wannan tsari ya haifar? A zaɓen da aka yi a Jihar Katsina a watan Fabrairu na 2025, jam'iyyar APC mai mulki ta lashe kujerun ciyaman 34 da na kansila 361, babu ko ɗaya da ta kuɓuce. Kafin wani ya ɗauka cewa wannan halin jam'iyya ɗaya ne, sai ya leƙa Kano, inda a watan Oktoba na 2024 jam'iyyar NNPP mai mulki a can a lokacin ta kwashe dukkan ƙananan hukumomi 44. Launin tuta ne ya bambanta, sakamakon iri ɗaya ne. Shin a faɗin mazaɓu 361 babu inda ɗan adawa ya fi farin jini ko da a unguwa guda? Duk wanda ya san yadda ake cacar baki a kasuwannin ƙasar nan ya san amsar.

Saboda haka ainihin zaɓen yana faruwa ne tun kafin a kafa akwati, a wurin fid da ɗan takara, inda sau da yawa ake bin abin da 'yan siyasa ke kira maslaha, wato manyan jam'iyya su zauna su daidaita a kan mutum ɗaya, sauran masu nema su janye. Maslaha tana da amfaninta, domin tana rage kashe kuɗi da gaba tsakanin 'yan uwa, tana kuma ba da damar a zagaya da kujera tsakanin sassan ƙaramar hukuma don kada gari ɗaya ya kankane. Illarta ita ce tana sauya alƙiblar biyayyar ɗan takara. Malamin firamare ko ɗan kasuwar hatsi ko ma'aikacin asibitin da ya kwashe shekaru yana hidimar jam'iyya, yana liƙa fosta, yana tsaron akwati, yana rakiyar manya zuwa ta'aziyya, in ya samu tikiti ya san sarai ƙofar da tikitin ya fito, kuma ya san ba daga rumfar zaɓen ƙauyensu ba ne. Kalmar ubangida, wadda a asalin Hausa take nufin wanda bara ke zaune a ƙarƙashin inuwarsa, ta shigo siyasa da ma'anarta cikakkiya.

Ba a ce kujerar ba ta kai mutum ko'ina ba. Gwamnan Katsina da aka zaɓa a 2023, Dikko Umaru Raɗɗa, ya taɓa riƙe shugabancin ƙaramar hukumar Charanci kafin ya zama shugaban ma'aikatan gidan gwamnati, sannan shugaban hukumar bunƙasa ƙananan sana'o'i ta tarayya. A nan gida ma, Nasiru Sani Zangon Daura ya wakilci mazaɓar Zango da Baure a Majalisar Wakilai kafin ya zama sanatan shiyyar Daura a 2023, wanda ke nuna cewa daga wannan lungu na kan iyaka ana hawa matakala har sama. Amma a kan kowane mutum ɗaya da ya hau, akwai ɗaruruwan tsofaffin kansiloli da suka koma gona ko rumfar kasuwa, kuma su ne mafi rinjayen waɗanda wannan lacca ke magana a kansu.

3. Aikin da doka ta ɗora masa da kuɗin da ke isa hannunsa

Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulki ya jera ayyukan ƙaramar hukuma, kuma duk wanda ya karanta shi zai ga cewa su ne ayyukan da suka fi taɓa jikin talaka: kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, hanyoyin cikin gari da magudanan ruwa, kwashe shara, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, har da lasisin kekuna da amalanke, sannan da sa hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya matakin farko da bunƙasa noma. Domin gudanar da waɗannan, tsarin rabon arzikin ƙasa ya ware wa ƙananan hukumomi kashi 20.60 cikin ɗari na asusun tarayya, jihohi kashi 26.72, tarayya kuma kashi 52.68.

Sai dai sashe na 162 na wannan kundi ya ƙirƙiri abin da ake kira asusun haɗin gwiwa, wato asusun da kowace jiha ke buɗewa, inda kason ƙananan hukumominta ke fara sauka kafin a raba musu. Manufar farko ita ce jiha ta ƙara nata kason a kai sannan ta rarraba, amma a aikace, a jihohi da yawa, asusun ya zama mashigin da ake tsayar da kuɗi a cire albashin malaman firamare da fansho da kason masarautu da kuɗin ayyukan da jiha ta ce na haɗin gwiwa ne, abin da ya rage kuma shi ake miƙa wa ciyaman. Dole a yi adalci a nan: cire albashin malamai tun daga tushe ya samo asali ne daga zamanin da malamai ke shafe watanni ba a biya su ba a hannun ƙananan hukumomi, don haka ba kowane yanka ne zalunci ba. Amma sakamakon tsarin shi ne, mutumin da jama'a ke gani a matsayin mai riƙe da lalitar ƙaramar hukuma sau da yawa mai sa hannu ne a kan takardar biyan albashi, in yana son gina rijiyar burtsatse sai ya rubuta takarda ya jira izini.

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da ministan shari'a na tarayya, Lateef Fagbemi, ya shigar a kan jihohi 36, inda ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon ɗora kantoma ko kwamitin riƙo a madadin zaɓaɓɓu. Hukuncin ya sa jihohi da dama suka gaggauta shirya zaɓe, amma batun biyan kuɗi kai tsaye ya yi ta tafiyar hawainiya. Ko da an aiwatar da shi gaba ɗaya, tambaya ɗaya za ta rage: ciyaman da maslaha ta kawo, in kuɗi suka sauka a asusunsa aka kira shi aka ce ya turo, zai iya cewa a'a?

Kuɗin shiga na cikin gida kuwa, a wuri kamar Baure, ya dogara ne a kan kasuwa da kara da tasha, waɗanda su kuma suka dogara a kan zirga-zirgar kan iyaka. Lokacin da aka rufe iyakokin tudu daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 har zuwa Maris 2024, garuruwa irin Babban Mutum, waɗanda cinikinsu ke fuskantar Magarya da ƙasar Damagaram, sun ji a jikinsu. An yanke shawarar a Abuja, amma ƙofar kansila aka zo ana kuka.

4. Zaure

A nan ne maganar ta fi nauyi, domin a nan ne siyasa da rayuwar gida suke narkewa su zama abu ɗaya. Ɗan majalisar tarayya yana da Abuja da zai ɓuya a cikinta, gwamna yana da masu gadi da jerin ƙofofi, amma kansila yana sallar asuba ne a masallacin unguwarsu, kuma kafin ya shafa addu'a akwai waɗanda suka riga shi zuwa ƙofar gida. Wannan yana riƙe da takardar magani, wancan matarsa ta haihu babu ragon suna, ga dattijon da damina ta kama shi babu taki, ga uwar da ɗanta ke hannun 'yan sanda tana neman wanda zai tsaya masa, ga matashin da aka kora daga makaranta saboda kuɗin jarrabawa, ga kuma wanda aka yi wa rasuwa cikin dare ana neman likkafani. Babu ɗaya daga cikin waɗannan buƙatu da ke cikin jadawali na huɗu, kuma babu ɗaya da mai imani zai iya kawar da kai daga gare ta.

Cikin gida ma haka abin yake. Matar zaɓaɓɓe, wadda babu wanda ya zaɓe ta kuma babu albashin da aka yanka mata, tana karɓar nata jerin baƙi ta ƙofar mata, tana dafa tukunyar da ta ninka ta da sau uku, tana halartar biki da suna da gaisuwar mutuwa a kowane lungu na mazaɓa, domin rashin ganinta a wurin biki ɗaya yana iya zama abin da za a tuna ranar zaɓe. 'Yan uwa na kusa da na nesa suna ɗauka cewa rabonsu ya tsaga, surukai suna sa ido, abokan ƙuruciya suna auna ko ya canza. In ya ɗauki ɗan uwansa aiki a ce ya mayar da hukuma gidan gado, in ya ƙi a ce ba ya son zumunci. Akan yi raha cewa alamar farko ta cin zaɓe ita ce ƙarin aure, ta biyu kuma sabon fenti a ƙofar gida, kuma ko da yake raha ce, tana nuna yadda idon jama'a ke kan kowane motsi na mutumin, har abin da ke tsakaninsa da iyalinsa.

To, a yi lissafi a fili. Albashi da alawus na kansila, komai yawansu, ba za su ɗauki asibiti da makaranta da sunan mazaɓa guda ba, ballantana goron Sallah da hatsin azumi. Mutum uku ne ke fitowa daga wannan matsi. Na farko yana bayarwa daga aljihunsa har ya sayar da gona ya sauka da bashi, a yabe shi shekara ɗaya a manta. Na biyu yana kwashe iyalinsa ya koma Daura ko Katsina ko Kano, ya zama baƙo a ƙaramar hukumar da yake shugabanta, ba a ganinsa a sakatariya sai ƙarshen wata, wayarsa kuma kullum a kashe. Na uku yana buɗe zaure ya yi ta rabo, amma daga kuɗin kwalbati da rufin aji da maganin asibiti yake rabawa, kuma abin takaici shi ne wannan na ukun ne ake yi wa kirari da mai alheri. Mutumin da ya karɓi dubu biyu a zaure da safe, shi ne da yamma zai kai matarsa asibitin da babu magani, bai kuwa haɗa abubuwan biyu a ransa ba. Wa ya cuci wa? Hukuncin wannan lacca shi ne laifin na shugaban ne da farko, domin shi ya yi rantsuwa da Alƙur'ani, amma al'ummar da ke auna shugaba da abin da ya miƙa a hannu, ba da abin da ya gina ba, tana da nata kason.

Doka ba ta yi shiru a kan wannan iyaka ba. Jadawali na biyar na kundin tsarin mulki, wanda ya ƙunshi ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata, ya haɗa da shugabanni da kansiloli da ma'aikatan ƙananan hukumomi. Ya wajabta musu bayyana kadarorinsu ga hukumar ɗa'ar ma'aikata lokacin hawa da lokacin sauka, har da na 'ya'yansu da ba su kai shekara 18 ba kuma ba su yi aure ba. Ya hana mai riƙe da muƙami na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci, in ban da noma. Ya hana karɓar kyauta saboda aikin ofis, sai dai kyautar dangi da abokai a lokutan da al'ada ta sani. Ma'ana, dokar da kanta ta shiga har cikin gidan shugaba, ta kuma yarda cewa akwai al'ada, amma ta shata mata layi. Takardar kadarorin a ofis take zama ba a buga ta, sai wanda ya ga dama, kuma Jihar Katsina tana da abin alfahari a nan, domin Umaru Musa 'Yar'aduwa ya bayyana tasa ga jama'a yana gwamna, ya sake yin haka da ya zama shugaban ƙasa a 2007. Babu abin da ya hana ciyaman ko kansila bin wannan sawu, kuma wanda ya bi ya samu garkuwa daga zargi da kuma hujjar da zai nuna wa masu tsammanin yana kwana a kan buhunan kuɗi.

5. Sauka

Yadda ake sauka daga kujerar ya fi yadda ake hawanta bayyana wanda ya mallake ta. A 2015, bayan da mulkin Jihar Katsina ya koma daga PDP zuwa APC, gwamnatin Aminu Bello Masari ta rushe shugabannin ƙananan hukumomi 34 da kansilolinsu, waɗanda aka zaɓa a zamanin Ibrahim Shehu Shema, bisa zargin almundahana da kuɗin hukuma. Waɗanda aka rushe suka tafi kotu, shari'ar ta yi ta hawa har Kotun Ƙoli, wadda a watan Mayu na 2021 ta yanke cewa rushewar ta saɓa wa tsarin mulki, ta kuma ba da umarnin a biya su haƙƙoƙinsu, a rana ɗaya da ta yanke irin wannan hukunci a kan Jihar Oyo. Sun yi nasara, amma bayan kusan shekara shida, lokacin da wa'adinsu ya daɗe da shuɗewa. Ba a sake zaɓen ƙananan hukumomi a jihar ba sai a watan Afrilu na 2022. Yaron da ya shiga aji ɗaya na firamare a Baure a shekarar da aka yi rushewar ya gama aji shida ba tare da mazaɓarsu tana da zaɓaɓɓen kansila ba.

Maƙwabta ma ba su tsira ba. Nijar ta fara zaɓen ƙananan hukumominta na zamani a 2004, inda kansiloli ke zaɓar magajin gari daga cikinsu, amma a watan Afrilu na 2024 gwamnatin soja ta rushe majalisun ta naɗa masu riƙo. Tsari biyu ne mabambanta, ɗaya gadon Ingila ɗaya gadon Faransa, amma a dukkansu zaɓaɓɓen da ya fi kusa da talaka shi ne wanda ya fi sauƙin tsigewa.

Ga wanda ke neman misalin yadda ake sauka da mutunci, tarihin wannan yanki yana da shi, ko da yake a matakin jiha ne. Lokacin da Baure ke cikin tsohuwar Jihar Kaduna, jama'a sun zaɓi Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na jam'iyyar PRP gwamna a 1979, kuma manoma da makiyayan wannan ƙasa suna cikin waɗanda suka amfana da soke haraji da jangali da ya yi. Majalisar dokokin jihar, wadda NPN ke da rinjaye a cikinta, ta ƙi amincewa da kwamishinonin da ya gabatar, ta kuma tsige shi a watan Yuni na 1981, ya zama gwamnan farar hula na farko da aka tsige a Nijeriya, mataimakinsa Abba Musa Rimi ya gaje shi. Ana iya saɓa masa a kan taurin kai da ƙin sassauci, kuma an saɓa masa, amma ya koma gidansa da gonarsa a Kaduna ya zauna cikin mutane kusan shekara arba'in, har rasuwarsa a watan Nuwamba na 2020, ba tare da ya buƙaci ɓuya daga kowa ba. Bai cika shekara biyu a kan mulki ba. Tsohon ciyaman nawa ne zai iya zama a rumfar kasuwar garinsu ranar kasuwa, hankalinsa kwance?

6. Abin da ya rage a hannun jama'a

Gyaran sashe na 162 da batun wanda zai riƙa gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi aiki ne na Majalisar Tarayya da majalisun jihohi, kuma wakilan wannan yanki a can su ne za a tambaya inda suka tsaya. Amma akwai abin da ba ya jiran Abuja. Kason da kowace ƙaramar hukuma ke samu daga asusun tarayya ana wallafa shi wata-wata, duk mai waya a hannu zai iya nemo na Baure, kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta kafa ƙa'idar cewa takardun hukuma ba sirrin ma'aikata ba ne. Roƙon da wannan lacca ke yi ga majalisar ƙaramar hukuma shi ne ta riƙa liƙa kasafin kuɗinta da abin da ya shigo da abin da aka kashe a bangon sakatariya da ƙofar kowane dagaci, da Hausa, a boko da ajami. Roƙonta ga malamai da masu unguwanni da ƙungiyoyin matasa da na mata kuwa shi ne su nemi kansilansu ya zauna da mazaɓa a fili lokaci-lokaci, a tambaye shi labarin rijiya da aji da asibiti a gaban kowa, a kuma rage masa layin asuba.

 Inda aka yi daidai daga Allah ne, inda aka yi kuskure kuma a cikin zauren nan akwai tsofaffin kansiloli da ma'aikatan sakatariya da suka ga abin da idonsu, gyaransu abin maraba ne. Fili a buɗe yake ga masu tambaya da masu ƙarin bayani, kuma ana roƙon shugaban taro ya fara ba iyaye mata dama.